Alawayyo Yadi Biyar da Majigin Adashe

Ranar da na je sayen ƙyallen da zan riƙa haska majigina a kai, saura kaɗan mai yadi ya yi mini ta'aziyya. Na ce masa alawayyo nake so, fari ƙal, yadi biyar. Ya ajiye almakashi, ya ɗago kai ya ce, "Subhanallahi. Malam, wa aka rasa?" Na ce ba kowa, allon kallo zan ɗinka. Ya yi jim, ya auna, ya yanka, amma har na bar rumfar yana yi mini kallon wanda ke wasa da abin da ba a wasa da shi.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata sakandare a kudancin Katsina. Shekara da shekaru ina zana zuciya da alli, ina cewa jini ta nan yake shiga, ta nan yake fita, yara suna kallona kamar mai tatsuniya da rana. Ga bidiyo a wayata na minti uku wanda ya fi zanena sau ɗari, to amma aji guda ba zai leƙa waya ɗaya ba. Da kwasata ta adashe ta zo a ƙarshen 2023, sai na hau mota na nufi Kano, na dawo da ɗan ƙaramin majigi wanda bai fi kwanon sha girma ba.

A jikin kwalin an rangaɗa 9000 da manyan lambobi, wai ƙarfin haskensa ke nan. Mai shagon ya kunna mini shi a can ƙuryar shago, ya kashe fitila, ya haska bangon da bai fi taku biyu ba. Hoto ya fito raɗau. Na biya ina murna. Sai da na kai shi aji da ƙarfe goma sha ɗaya na safe na gane abin da na saya: zuciyar da na zo nunawa ta koma wani dishi-dishi, kamar an wanke ta da ruwan omo. Wani yaro a layin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, an fara?" Alhali an yi nisa.

Daga baya wani abokina da ke aikin wayar da kai kan rigakafi ya zo da na ofishinsu, tsoho, mai nauyi, an rubuta 3000 kacal a jikinsa. Muka jera su a bango ɗaya. Nasa ya shanye nawa kamar rana da aci-balbal. Abin da ya raba su haruffa huɗu ne da ke kusa da lambar tasa, ANSI. Wannan ma'auni ne mai ƙa'ida: a haska farin hoto, a auna hasken da ya sauka a kan allo a wurare tara, a ɗauki matsakaici, a ninka da girman allon. Lambar da ba ta da waɗannan haruffa kuwa, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa, wani ma hasken ƙwan da ke can ciki yake ƙirgawa tun bai ratso gilasai ya fito ba. Haka maganar 1080 da ke kwalin. Ma'anarta zai karɓi bidiyo mai wannan kaifi, ba wai da shi zai nuna ba. Ainihin nasa 1280 sau 720 ne, wato ɗigo 921,600, bai kai rabin ɗigo 2,073,600 na cikakken 1080 ba. A takardar cikin kwali suka ɓoye wannan da ƙananan baƙaƙe. Ban koma shagon ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ni dai laifina ban san rariya na saya ba.

Da yake ban iya zama da abu ban ga cikinsa ba, na kwance shi wata Asabar. Ba wani abin mamaki: ƙwan LED a baya, wasu gilasai masu tattara haske, sai ɗan allo irin na waya guda ɗaya wanda hasken ke ratsawa, sai madubi a karkace, sai idon da ke gaba. Mafi yawan hasken a wannan ɗan allon yake mutuwa ya koma zafi, shi ya sa fankarsa ba ta hutawa. Na abokina wani iri ne daban, DLP, wanda a cikinsa akwai ƙananan madubai birjik, kowane ɗigo da madubinsa mai karkatawa. Wani injiniya Larry Hornbeck ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Texas Instruments na Amurka a 1987. Na mayar da sukurori, ɗaya ya yi saura, har yau yana cikin aljihun tebur.

A aji dai barguna ne suka fitar da ni kunya. Na aro guda huɗu, muka toshe tagogi, na matso da majigin kusa da bango. A nan na koyi lissafin da ya fi komai amfani a wannan harka. In ka ninka tazarar da ke tsakanin majigi da bango, faɗin hoto zai ninka, tsayinsa ma zai ninka, wato filin da haske zai rufe ya zama huɗu, kowane wuri ya samu rubu'in abin da yake samu a da. Kwaɗayin babban hoto shi ke kashe hoto. Kowane majigi kuma yana da lambar da ke gaya maka inda za ka ajiye shi. Nawa 1.4 ne: kowace mita ɗaya ta faɗin hoto tana son mita 1.4 na tazara. Hoton inci 100, wanda faɗinsa santimita 221 ne, tsayinsa 125, yana son in ja baya mita uku da 'yan kai. Da rana a aji ba na wuce rabin haka.

Duk wannan shimfiɗa ce. Labarin da nake son bayarwa na ranar Laraba ne, 7 ga Fabrairun 2024, da Najeriya ta kara da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka. Ƙanina ya dame ni da waya, wai samarin ƙauyenmu sun ji labarin na'urar Yaya, gidan kallon da suke zuwa kuma sai an hau babur, ga mai ya haura naira 600 tun da aka cire tallafi. Na ce to. Shi ya ɗauki nauyin satalayit da dikoda, ni na zo da majigi da batir da alawayyona.

Baba na zaune a dakalin ƙofar gida ina fito da kaya. Ya tambayi mene ne wannan, na fara kame-kamen bayani, ina cewa wata na'ura ce mai jefa hoto a bango. Ya katse ni. "Majigi dai. Shi ne kake ta zagaye-zagaye?" Daga nan ya ɓalle da labari. Suna yara, motar gwamnati ke zuwa garin hakimi, sanƙira ya zaga da rana yana shela, da almuru a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tayar da inji, mutum ɗaya ya riƙe lasifika yana fassara abin da ke gudana da Hausa, yana ƙara gishirinsa. Noman auduga, tsaftar rijiya, allurar shanu, sai kuma Sardauna yana sauka daga jirgi. Su daga ƙauye a ƙasa suke takawa, su dawo tsakar dare suna tsoron kura. Abin da Baba ya gani gadon Turawa ne. Wani jami'in kiwon lafiya a Legas, William Sellers, shi ya yi suna wajen yawo da fim a mota don koyar da tsafta, a 1939 kuma Ingila ta kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da take mulka ta ɗora shi a kai. Ita kanta kalmar daga sunan tsohuwar fitilar haska hotuna ta Turawa ta fito, wadda suke kira fitilar sihiri, "majik" ɗin nan ne harshenmu ya tauna ya mayar majigi. Baba ya ɗaga nawa da hannu ɗaya, ya jinjina, ya ce na zamaninsu sai ƙarti biyu. Bai ce komai ba kuma, amma na ga alamar bai yarda da shi ba.

Bangon gidanmu na jar ƙasa ne, in ka haska a kai kowa ya zama ja, ciyawar fili ta koma kalar tuwon dawa. Shi ya sa na yi tanadin ƙyalle. Tela ya raba yadi biyar ɗin biyu ya haɗa su a kwance, ya yi kalmasa mai faɗi sama da ƙasa yadda gora za ta shige. Kuskurena ban ce ya kwantar da ɗinkin tsakiya ba, don haka akwai wani layi da ya ratsa filin wasa daga raga zuwa raga, wanda har yau yana nan. Muka ɗaure gorar sama tsakanin bishiyoyin bedi biyu da ke ƙofar gida, darbejiya ke nan a bakin Kanawa. Ta ƙasa kuwa da farko na bar ta tana lilo. Iskar hunturu na kaɗawa ƙyalle ya kumbura kamar cikin mai shayi, hoto ya dushe a tsakiya. Sai da muka kafa turaku biyu muka ɗaure ta tamau.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne wajen zaunar da majigin. Na fara ɗora shi a kan ɗan teburin shayi, na tokare gabansa da littafi don ya kalli sama. Hoto ya fito sama da faɗi, ƙasa a tsuke, kamar bakin kwarya. Akwai wata 'yar ƙafa ta murzawa a bayan idon da ke gyara wannan karkata, amma a irin nawa kana miƙar da gefuna, sama ko ƙasa na dushewa, ba ka taɓa samun duka biyu. Masu tsada da rimot ake gyara tasu, su kuma matse hoton suke yi su zubar da wasu ɗigogin. Maganin gaskiya shi ne kada ka karkata shi tun farko. Muka mirgino turmin Inna muka kife, muka ɗora faifan katako, idon majigi ya yi daidai da inda ƙyalle yake so, ya kalle shi ido da ido. Wajen saita kaifi kuma kada ka yi da fuskar mutum, fuska na yaudara. Ka buɗe rubutun dikoda, ka murza har baƙaƙen su tsaya cak, ka sa wani ya je gaban ƙyalle ya gaya maka, don daga inda kake zaune komai lafiya yake.

Wayoyi na bi da su ta gindin bango na danne da duwatsu, na kewaye turmi da benci biyu. Wanda bai taɓa haska majigi a gaban yara ba bai san ƙarfin sha'awar ɗan'adam ga inuwar kansa ba. Kafin a fara wasa na ga zomo, na ga kare, na ga kan wani yaro ya cika allo har da kunnuwa.

Ƙarfe shida aka take wasa. A Bouaké ta Kwaddibuwa, inda ake buga wasan, ƙarfe biyar ne, mu kuma nan rana ba ta faɗi ba, tana nan jajawur a saman kukoki. Mutum ya fi sittin a zaune, ƙyalle kuwa fari fat, sai wasu inuwoyi da ke gilmawa kamar aljanu. Majigi ba ya iya jefa baƙi. Baƙin da kake gani a hoto duhun wurin ne kawai, inda haske bai sauka ba. In wurin da haske, baƙinka farin alawayyo ne, shi ke nan. Na san wannan sarai, na karanta, na gani a aji, amma ban haɗa shi da lokacin wasa ba sai da na ji wani daga baya yana cewa, "Malam, ko dai rediyo ka kawo mana?" Aka kwashe da dariya. Baba yana dakali bai ko juyo ba.

Na jawo turmi gaba, tazara ta koma mita ɗaya da rabi. Hoto ya tsuke ya koma kamar babbar talabijin, haskensa ya ninka huɗu, aka fara rarrabe mai kore da mai rawaya. Mutane suka dunƙule wuri ɗaya. Haka muka lallaɓa har aka kira magariba ana dab da hutun rabin lokaci, aka watse aka yi masallaci.

Da muka fito duniya ta canza. Na mayar da turmi inda na yi masa alama da gawayi, na murza ido, sai ga fili kore shar ya cika ƙyalle, faɗin fiye da mita biyu, ana ganin gumi a goshin Osimhen. Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci. Na'urar da aka yi wa dariya ɗazu ita ce dai, ban ƙara mata komai ba. Wanda ya ce rediyo na kawo shi ne ya fara matsowa gaba yana cewa yara su zauna.

Sauti ma sai da ya ba ni aiki, kuma shi mutane ba sa yafewa. Za su haƙura da hoto mai hazo, amma in ba sa jin mai sharhi sai hayaniya ta ɓarke. Lasifikar cikin majigin ba ta fi ta waya ba, fankarsa ma ta kusa danne ta. Mun aro babba mai batir wajen mai tallan maganin gargajiya. Na fara haɗa su ta Bluetooth, sai ƙarar bugun ƙwallo take zuwa bayan ƙwallon ta yi gaba. Na cire na sa waya. Na kuma ɗauke lasifikar daga kusa da ni na kai ta gindin ƙyalle, domin in hoto na gaba murya na fitowa ta ƙeya, kai ba ya samun natsuwa.

Wuta kuwa na yi lissafinta tun a gida. Batir mai 12 bolt, 100 amfiya, a takarda wat 1200 ne na awa guda, amma irin wannan batir in kana son ya yi rai ba ka shan fiye da rabinsa. Majigi na cin wajen 70, dikoda da cajin lasifika su ƙara kamar 40, inbata ta ci nata ladan. Na ce awa huɗu ba fashi. Na abokina da ke da ƙwan fitila mai zafi yana cin kusan 300, da shi na kawo da janareta za mu tayar, mu sha ƙara da hayaƙi. Wannan ne wuri ɗaya da ɗan nawa ya fi shi.

Troost-Ekong ya ci fenareti, aka yi ihu har awaki suka firgita. Can wajen ƙarshe Osimhen ya ƙara, samari suka tashi da benci, sai alƙalin wasa ya je ya duba na'ura, ya soke ƙwallon, ya ba Afirka ta Kudu fenareti a ɗaya gefen. Mokoena ya farke. Aka tafi ƙarin lokaci, ni kuma cikina ya ɗuri ruwa, don tun biyar na kunna kaya. Ana shirin bugun fenareti inbata ta fara kuka, ɗit, ɗit, ɗit. Na haska tocila a bayan benci. Soket ɗina mai baki huɗu, an jona masa wani mai baki shida, wayoyi sun yi layi a kan tabarma kamar 'yan makarantar allo, har da fitilar caji guda biyu. Ban tsaya neman masu su ba, na fizge. Na shiga saitin majigi na rage haske zuwa na tattali, hoto ya ɗan dushe, ba wanda ya lura. Kukan ya tsaya. Nwabali ya tare biyu, Iheanacho ya buga ta ƙarshe, 4 da 2. Ban ga shigarta ba, idona na kan jar fitilar inbata.

Washegari na ga abin da dare ɗaya na hunturu ke yi. Ragar da iska ke shiga ta toshe da ƙura, a hoto kuma ga wasu ɗige-ɗige masu duhu da ba sa motsi, wato ƙura ta sauka a kan ɗan allon ciki. Na goge ragar da tsohon buroshin haƙori, na hure ciki da abin hura iska na roba, ido kuwa da ƙyallen tabarau kawai, ba da bakin riga ba. Tun daga nan ba na ajiye shi a kan tabarma ko katifa yana aiki, ba na jingina shi da bango ta gefen da zafi ke fita, in an gama sai ya huce kafin ya shiga jaka. Irin waɗannan ƙanana in zafi ya yi musu yawa wani tabo ruwan ƙasa ke fitowa a tsakiyar hoto, yana faɗaɗa, ba ya gogewa. Masu ƙwan fitila kuma ba a zare musu waya kai tsaye, sai an kashe an bar fanka ta gama aikinta, kuma in ƙwan ya fashe a fita daga ɗakin a buɗe tagogi, don akwai zaiba a ciki.

Sauran ƙananan tarkuna a aji na ci karo da su ɗaya bayan ɗaya. Wayata ba ta fitar da hoto ta bakin caji, duk wayar HDMI da na jona shiru, ashe ba kowace waya aka yi da wannan ba. Wani bidiyon a filashi sai ya fito ba murya, saboda majigin bai san irin sautin da aka naɗe shi da shi ba, sai na bi ta kwamfuta. In kwamfutar ta ƙi turo hoto, maɓallin Windows da harafin P ke buɗe zaɓin. Tsohuwar wayar VGA mai shuɗin kai kuma hoto kaɗai take ɗauka. Yanzu kowane darasi sai na gwada shi a gida da daddare tukuna.

Ranar Lahadi 11 ga wata aka yi wasan ƙarshe da Kwaddibuwa a Abidjan, ƙarfe tara na dare. Duhu ya yi yadda ake so, batir cike, soket a cikin aljihuna sai baki biyu da na bari, na kuma naɗa wani ƙane dogarin turmi. Ban taɓa samun hoto mai kyan na wannan dare ba, kuma a cikinsa muka kalli yadda Kessié ya farke ƙwallon Troost-Ekong, Haller ya ƙara ta biyu. Aka watse ba mai ce wa kowa sai da safe.

Ina kwance igiya ne na lura da abin da ke bayan ƙyalle. Alawayyo ba shi da kauri, hoto na ratsa shi. Su Inna da matan gida da 'yan mata sun shimfiɗa tabarmi a bakin zaure, sun kalli wasan gaba ɗaya ta baya, komai a juye, dama ta koma hagu, lambobin riga a birkice. Wata ƙanwata ta ce tun ranar Laraba a nan suke. Baba ya ce su ma haka suke yi a ƙofar fada in manya sun cika gaba.

Na naɗe ƙyallen zan sa a jaka, sai ya miƙo hannu. Ya murza bakin yadin da yatsu biyu, ya ce mai kyau ne, nawa na saya. Na gaya masa, na kuma ba shi labarin mai yadi da tambayarsa. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Bar shi a ɗakina. In bai yi majigi ba, ya yi abin da mai yadin ya zata." Inna daga zaure ta ce wannan wace irin magana ce da tsakar dare. Ya saɓa shi a kafaɗa ya shige.

Yana cikin adakarsa har yanzu, ƙarƙashin babbar rigar Sallah. Duk zuwan da na yi da majigi sai na yi sallama a ƙofar ɗakinsa na aro, in an gama kuma shi da kansa yake duba ko yara sun taɓa shi da hannun miya.